'Yan Yuganda da 'yan Haiti a ƙetare: daga ina ratar ta fito?

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ake yawan jefawa idan ana hirar baƙar fata 'yan ci-rani a Amurka, wai 'yan Afirka irin su 'yan Yuganda sun fi 'yan Haiti boko da samu saboda sun fi su himma. A jihar Massachusetts al'ummomin biyu maƙwabta ne. 'Yan Yuganda sun taru a garin Waltham har ana masa laƙabi da Ƙaramar Kampala, 'yan Haiti kuma suna unguwar Mattapan ta Boston da garuruwan Brockton da Randolph. Da yawansu ma aiki ɗaya suke yi, kula da tsofaffi da marasa lafiya. To ratar nan gaskiya ce? In gaskiya ce, me ya haifar da ita? Masana a taimaka.

Sadiƙu: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a je ga himma a fara duba ƙofar da kowa ya shiga, don a nan gizo ke saƙar.

Daga arewacin Haiti zuwa Florida tafiyar kilomita dubu da 'yan kai ce ta ruwa. Tun farkon shekarun 1970 manomi ko masunci kan sayar da gona ya hau kwalekwale ya nufi Miami. Daga filin jirgin Entebbe na Yuganda kuwa ko jirgin sama babu mai zuwa Amurka kai tsaye. Sai ka sami fasfo, ka tsaya gaban jami'in ofishin jakadanci ya gamsu da kai, ka biya tikiti. Wannan rariya ce. Wanda ya ratsa ta galibi ya gama sakandare ko jami'a, yana jin Turanci, gidansu akwai ɗan abin hannu. Saboda haka idan ka ɗauki ɗan Yuganda na Waltham ka ajiye gefen ɗan Haiti na Miami, kana gwada zaɓaɓɓun wata ƙasa ne da kowa da kowa na wata ƙasar.

Ga lissafin yawa kuma: haifaffun Haiti da ke Amurka sun haura dubu 700, kusan rabinsu a Florida. 'Yan Yuganda dubbai ne 'yan gomomi. Ƙaramin taro da aka tace dole matsakaicinsa ya fi kyau a takarda.

Sai cacar biza ta Amurka, wadda aka saba raba guraben zama har 55,000 a shekara. Sharaɗinta shaidar gama sakandare ko shekara 2 a sana'ar da ke buƙatar horo, kuma wanda ya ci yana sauka da girin-kad ɗinsa, wato katin zama na dindindin. Yuganda ta kasance a ciki. Haiti an daɗe da cire ta, saboda dokar ta ce ƙasar da ta tura sama da mutum 50,000 cikin shekara 5 ba ta shiga. Dalilin da ya fitar da Najeriya ke nan ita ma.

Lawwali: Yaya Sadiƙu, ban yarda duka ba. Ai ba yau 'yan Haiti suka fara zuwa ba. Shekara 60 suna can. Rariya ko babu rariya, ya ci a ce sun tsaya da ƙafarsu.

Baba Ilu: Lawwali ɗana, ai sun tsaya, kai ne kake kallon bene ɗaya. 'Yan Haiti na ƙetare hawa-hawa ne.

Hawan farko su ne waɗanda suka gudu daga mulkin François Duvalier, wanda ya hau a 1957, da 'yan dabarsa da ake kira Tonton Makut. Likitoci ne da lauyoyi da malaman makaranta masu Faransanci tsantsa. Suka nufi New York da Montreal, wasu ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauke su koyarwa a Kwango bayan 1960. Lardin Quebec a lokacin yana faɗaɗa makarantu da asibitoci, yana neman masu Faransanci ruwa a jallo, sai suka dace. Daga wannan gida Michaëlle Jean ta fito, wadda aka haifa a Port-au-Prince ta zama Gwamna Janar ta Kanada daga 2005 zuwa 2010. Karine Jean-Pierre da ta riƙe kakakin fadar White House iyayenta 'yan Haiti ne.

Hawa na biyu su ne mutanen kwalekwale. A nan ne aka yi musu abin da ba a yi wa kowa ba. Ɗan Kuba da ya iso a jirgin ruwa ana ce masa ɗan gudun hijira ne daga kwaminisanci, dokar 1966 ta ba shi damar neman zama na dindindin bayan ɗan lokaci. Ɗan Haiti kuma a ce yunwa ce ta koro shi, a kai shi sansanin tsare mutane na Krome da ke Florida. A 1981 gwamnatin Reagan ta ƙulla yarjejeniya da Jean-Claude Duvalier, ɗan François da ya gaje shi, ta tare kwalekwale a teku a mayar. Bayan an hamɓarar da shugaban Haiti Aristide a Satumban 1991, dubbai aka jibge a Guantanamo. Sannan ga tabon ƙanjamau: a farkon shekarun 1980 hukumar lafiya ta Amurka ta sa 'yan Haiti cikin rukunin masu haɗarin cutar don kawai ƙasar da suka fito, mutane suka rasa aiki da gidan haya. Da aka hana su ba da jini, a Afrilun 1990 suka cika gadar Brooklyn da zanga-zanga.

Ɗan Yuganda bai gaji wannan tabo ba. In ka ce Yuganda a can, abin da zai zo wa mutum Idi Amin ne, in ma ya san ta.

Sadiƙu: Baba ya taɓo inda ke ciwo. Bari in ƙara kan takarda, don ita ce ke yanke albashi.

Bayan girgizar ƙasa ta 12 ga Janairu 2010 aka ba 'yan Haiti kariyar wucin gadi da ake kira TPS. Tana ba ka izinin aiki, amma wata 6 ko 12 ko 18 ake sabunta ta, kuma ita kaɗai ba ta kaiwa ga girin-kad. Ku duba abin da hakan ke jawowa. Mai kamfani ba zai kashe kuɗi ya horar da wanda izininsa zai ƙare baɗi ba. Bashin sayen gida shekara 30 ake biya, samunsa da takardar wata 18 aiki ne ja. Tallafin karatu na gwamnatin tarayya mai TPS ba ya cikin masu samu. Sai ka ga mutum shekara 14 yana aiki, yana biyan haraji, amma yana nan inda ya fara.

A Janairun 2023 aka buɗe wani shiri na ƙasashe huɗu, Kuba da Haiti da Nikaragwa da Benezuwela, mutum 30,000 a wata gaba ɗayansu, da sharaɗin wani a Amurka ya tsaya maka. Izinin shekara 2 ne. A 2025 gwamnatin Trump ta soke shirin, ta sanar da kawo ƙarshen TPS ɗin Haiti har magana ta kai kotu, sannan a watan Yuni ta sa Haiti cikin jerin ƙasashen da aka hana shiga.

Su ma 'yan Yuganda akwai masu zaman rashin takarda, kar a yi musu kwalliya. Da yawa da bizar ziyara ko ta karatu suke shiga su zarce. Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne neman mafaka yana da wa'adin shekara 1 daga ranar shiga. Mutum ya ɓata wata 14 yana jin shawarar abokai, ya je a ce lokaci ya wuce, sai in yana da uzurin da doka ta yarda da shi.

Hajiya Rabi: Ni harshe zan kama, don ina ganin an wuce shi da sauri. Mutane na ɗauka duk ɗan Haiti yana jin Faransanci. Ba haka ba ne. Kiriyol kowa ke yi, Faransanci na waɗanda suka yi nisa a makaranta ne, kuma yawancin makarantun ƙasar na kuɗi ne, ba na gwamnati ba. To ko wanda ya iya Faransancin, a Boston bai tsinana masa komai. Ɗan Yuganda da Turanci ya yi karatu, tsarin jarrabawarsa gadon Birtaniya ne, jami'ar Makerere da ta faro tun 1922 sunanta sananne ne.

Ku ɗauki aikin jinya, inda duka biyun suka yi yawa. Matakin ƙasa shi ne mataimakin nas: wanka, canza shimfiɗa, ciyarwa, juya marar lafiya kada ya yi gyambon kwanciya. Dokar tarayya awa 75 ta horo kawai ta gindaya, sai jarrabawar jiha. Cikin 'yan makonni ka fara. Shi ya sa ɗan Haiti da ɗan Yuganda duka nan suke faɗawa, mai digiri da marar shi.

Bambancin yana fitowa wajen hawa zuwa cikakkiyar nas, wadda albashinta ya ninka. Wadda ta yi karatu a waje sai ta bi matakai: hukumar tantancewa irin CGFNS ta karɓi takardun karatunta kai tsaye daga makarantar, ba daga hannunta ba, hukumar da ta ba ta lasisi a gida ita ma ta aiko da shaida, in ba Turanci ba ne a fassara, a ci jarrabawar Turanci inda jihar ta buƙata, sannan a zauna NCLEX, jarrabawar lasisin nas ta Amurka. 'Yar Yuganda matsalarta jinkirin ofis ne, ko kuma ya zama satifiket take da shi ba difloma ba, a ce bai kai matsayin ba. 'Yar Haiti fa? Makarantar horar da nas ta gwamnati a Port-au-Prince rushewa ta yi a girgizar 2010. Yanzu kuma 'yan daba sun mamaye mafi yawan birnin. Wa zai buɗe ofis ya buga hatimi ya aika? Sai ta haƙura ta sake karatun daga farko, da daddare, bayan ta tashi aiki.

Likitoci nasu ya fi tsanani: matakan jarrabawar lasisin likita ta USMLE, shaidar hukumar tantance likitocin da suka yi karatu a waje ta ECFMG, sannan neman gurbin horo a asibiti, inda ake ƙyamar wanda ya daɗe da gama makaranta. A nan ƙasashen biyu kukansu ɗaya.

Lawwali: To Hajiya, kin dawo kan maganata ke nan. Ƙarshenta dai ɗan Yuganda ne a sama.

Nafisa: A Amurka kaɗai kake kallo shi ya sa, Lawwali. Talakan Yuganda yana fita, ba dai Amurka yake zuwa ba. Riyadh yake zuwa, da Dubai da Doha.

Tun 2005 gwamnatin Yuganda ta yi ƙa'idojin tura ma'aikata waje, ma'aikatar ƙwadago ke ba kamfanoni lasisi. Na farko-farko maza ne masu gadi a sansanonin Amurka a Iraƙi. Daga baya harkar ta koma 'yan aikin gida mata. An sa hannu da Saudiyya a 2015, aka dakatar a farkon 2016 saboda koke-koken cin zarafi, aka sake buɗewa a 2017. Kwantiragi shekara 2 ne, albashin da aka saba ji riyal 900 a wata, wato dala 240. Mu nan ba sai an yi mana bayanin kafili da iƙama ba, mun san yadda 'yan uwanmu mata ke fama a Jidda da Makka. Fasfo a hannun maigida, ba ki canza gida yadda kika so, ba ki kawo 'ya'yanki, ko shekara 20 kika yi ba za ki zama 'yar ƙasa ba. Wadda ta bi dillali marar lasisi ta tsallaka ta Kenya kuwa, sunanta ma ba ya rajistar gwamnati, in abu ya faru babu mai bin kadinta.

'Yar Haiti da ke wanke tsofaffi a Brockton tana samun dala 240 ɗin nan cikin kwana biyu zuwa uku, kuma ɗan da ta haifa a can Ba'amurke ne. Ka faɗa min wa ke sama a nan.

'Yan Yuganda da kansu suna da suna ga masu fita neman kuɗi, nkuba kyeyo, wato masu shara. Sunan da kansa ya gaya maka irin aikin.

Baba Ilu: Madalla da Nafisa. Amma don adalci, Haiti ma tana da nata ƙasan benen, kuma ya fi na Riyadh duhu. Jamhuriyar Dominika, wadda suke tsibiri ɗaya. Sama da shekara 100 'yan Haiti ke saran rake a can, suna zaune a ƙauyukan gonakin sukari da ake kira bateyi. A 1937 shugaban ƙasar Trujillo ya sa aka kashe dubbansu a kan iyaka. A 2013 kotun tsarin mulki ta yanke cewa 'ya'yan baƙi marasa takarda da aka haifa tun daga 1929 ba 'yan ƙasa ba ne. Mutum an haife shi a can, an haifi ubansa a can, Sifaniyanci yake yi, rana ɗaya ya wayi gari ba shi da ƙasa. A Oktoban 2024 gwamnatin ta ce za ta riƙa korar har mutum 10,000 a mako.

Sai waɗanda suka bi kudu. Barazil ta ba su bizar jin ƙai daga 2012, suka yi gine-gine da aikin mahauta. Wasu suka wuce Chile, ita kuma ta ɗora musu sharaɗin biza a 2018. Da aiki ya yi wuya suka ɗauki hanya da ƙafa ta dajin Darien da ke tsakanin Kolombiya da Panama, suka nufi Amurka. Su ne kuka gani ƙarƙashin gadar Del Rio a Texas a Satumban 2021, kusan mutum 15,000. An gudu ba a tsira ba, kuma kowace ƙaura tana cinye abin da aka tara a ta baya.

Malam Habibu: Wani ya taɓa min maganar Indiyawan Yuganda. Suna shiga wannan lissafi?

Sadiƙu: Suna shiga Malam, kuma suna rikita shi. A Agustan 1972 Idi Amin ya ba 'yan asalin Asiya kwana 90 su bar ƙasar. Kusan 28,000 suka sauka Birtaniya, dubbai kuma Kanada. Majalisar birnin Leicester har talla ta sa a jaridar Yuganda tana cewa kada su zo, suka zo ɗin, suka cika titin Belgrave da shaguna. Fam 50 ko makamancin haka aka bar kowa ya fita da shi, amma sun fita da abin da ba a ƙwacewa: Turanci, sanin kasuwanci, dangi a ƙasashe uku, da yawansu kuma fasfon Birtaniya. Ƙidayar Birtaniya tana tambayar ƙasar haihuwa, don haka in aka ce "haifaffun Yuganda" sun mallaki gidaje da kamfanoni, babban kaso waɗannan ne. Ba ɗan ƙabilar Acholi da ya gudo daga yaƙin arewacin Yuganda ya sauka Landan yana neman mafaka ba. Zohran Mamdani da ya ci zaɓen magajin garin New York a 2025 a Kampala aka haife shi, mahaifinsa yana cikin korarrun 1972. A gefen baƙar fata akwai John Sentamu, lauya ne da ya tsere wa Amin ya zama Babban Bishop na York. Duka biyun daga saman bene suke.

Nafisa: Bari in kawo kuɗin aike, don shi ke bayyana dalilin da mutum biyu masu albashi ɗaya ba sa tara abu ɗaya.

Haiti mutum miliyan 11 da wani abu ce, abin da ake aiko mata a shekara ya doshi dala biliyan 4, kusan ɗaya bisa biyar na tattalin arzikinta. Yuganda ƙidayar 2024 ta ba ta kusan miliyan 46, aikenta a lokacin bai kai biliyan 1 da rabi ba, kashi 3 cikin 100 ko ƙasa. Ku raba: ɗan Haiti sama da dala 300 kowane kai, ɗan Yuganda wajen dala 30. Ninki goma.

Ma'anarsa a gidan mai aikowa? Ɗan Haiti shi ne gwamnatin danginsa. Shinkafa, kuɗin makaranta, asibiti, jana'iza, yanzu har da kuɗin fansa in an sace wani. Kuɗin ci ne, ba ya dawowa. Kuma tun 2011 zamanin shugaba Martelly ake cire dala 1 da rabi a kan kowane aike da sunan asusun ilimi. Ga mai aika dala 50 kashi 3 ke nan, kafin ladan kamfani. Ɗan Yuganda shi ma yana biyan kuɗin makaranta, amma rarar tana tafiya fili da ɗakunan haya a Wakiso ko Mukono da ke gefen Kampala, ta wayar hannu ta MTN ko Airtel kai tsaye. Yana da inda zai koma. Ɗan Haiti tun Nuwamban 2024 da aka harbi jirage aka dakatar da jiragen Amurka sauka a Port-au-Prince, gidan da ya gina ma ba ya iya zuwa gani.

Adashe duk suna yi. 'Yan Haiti na kiransa sol, mutum goma kowa ya zuba dala 200 a mako, ɗaya ya kwashe 2,000. Illarsa a Amurka banki ba ya ganinsa, ko shekara 10 kana zubi ba ka gina tarihin biyan bashi ba. 'Yan Yuganda sun fi karkata ga ƙungiyoyin adashe masu rajista da suke kira sako, masu littafi da ba da rance da raba riba.

Hajiya Rabi: Ƙanwata kin manta abu ɗaya, ƙwararrun da suka rage a gida. Wani binciken Bankin Duniya kan alƙaluman shekarar 2000 ya nuna sama da kashi 80 na 'yan Haiti masu ilimin gaba da sakandare suna waje. Na Yuganda wajen ɗaya bisa uku. To ɗan Yuganda in zai zuba jari akwai lauya da akanta da ɗan ajinsu a ma'aikata. Ɗan Haiti 'yan ajin nasa duk suna Montreal tare da shi.

Lawwali: Na ji na ƙofa da na takarda, waɗannan na sallama. Amma filin nan da kuke yabawa, ai kullum ana jin 'yan Yuganda na waje suna kukan an cinye su.

Nafisa: Ana cinye su sosai, kuma ta hanya uku aka fi yi. Na ɗaya, ƙasar Buganda, inda Kampala take, mafi yawa tsarin mailo ne da ya samo asali daga yarjejeniyar 1900. Mai takardar fili daban, mai zaune a kai da ake kira mai kibanja daban, kuma doka ta kare shi. Ka sayi takarda daga Waltham, ka zo ka tarar da iyali biyar a kai, ba ka da ikon tashinsu sai kun daidaita. Na biyu, takarda ɗaya a sayar wa mutum biyu, don mai saye bai sa an bincika a ofishin ƙasa ba, bai kuma sa safiyo ya buɗe iyaka ba. Na uku shi ne wanda mutane ba su sani ba: wanda ba ɗan ƙasa ba haya kawai zai riƙe, iyakarta shekara 99. Wanda ya karɓi fasfon Amurka bai nemi shaidar zama ɗan ƙasa biyu ba, wadda gyaran tsarin mulki na 2005 da dokar 2009 suka halatta, a idon doka baƙo ne, mallakarsa ta mailo tana iya samun matsala. Shi ya sa da yawa ke sa sunan ƙani ko yaya a takarda, daga nan kuma rigimar gida ta fara.

Haiti tsarin mulkinta na 1987 ya hana ɗan ƙasa biyu gaba ɗaya, sai gyaran 2012 ya sassauta. Shekara 25 masu ciyar da ƙasar suna baƙi a cikinta.

Malam Habibu: Nafisa, shaidar ɗan ƙasa biyun nan a ofishin jakadanci ake nema ko sai an je Kampala?

Nafisa: Hukumar kula da zama ɗan ƙasa da shige da fice ce ke bayarwa, Malam, ta intanet ake cike takardar. A tanadi tsohon fasfon Yuganda ko shaidar haihuwa, da sabon fasfon, da shaidar karɓar ƙasar ta biyu. A kammala wannan tukuna kafin a biya ko sisi na fili.